Suruki a Bayan Taga

"Ki gaya masa in ƙafarsa ta taɓa dokin ƙofar nan, ni kuma na fice ta baya," in ji Maama.

"To ki fice mana, Maama! Ai abin da nake roƙonki ke nan tun ɗazu. Ki shiga cikin gida ki sha shayinki, shi kuma ya shigo ya gyara ya tafi."

"In bar kwamfutata a hannun ɗan kantin Kampala, ba idona a kai? Nakiwala, da hankalinki kika tashi yau kuwa?"

Nakiwala ta dafe kai da hannu biyu. Ga ta tsaye a tsakanin mutum biyun da ta fi ƙauna a duniya, kuma ba wanda zai iya ɗaga ido ya dubi ɗaya. A cikin shago mahaifiyarta ce, Nabatanzi, wadda duk garin Mukono ya san ta da buga katin biki da takardun jana'iza. Ta harɗe hannuwa a gaban kwamfutar da tun safe ta ƙi nuna komai, sai dai ta yi ta kuka tiit, tiit, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. A waje kuma, gindin mangwaro, Kityo ne. Ya taso takanas daga Kampala a kan babur, da jakar kayan gyara a kafaɗa, ya sunkuyar da kai yana ƙirga tururuwa.

Tun ranar da Kityo ya kai gaisuwa gidan Ssenga, ƙanwar mahaifin Nakiwala, ya zama muko, wato suruki. Muko kuwa ba ya haɗa ɗaki da uwar yarinya, ba ya haɗa ido da ita, ba ya miƙa mata abu hannu da hannu. Tsofaffi sun ce wanda ya karya wannan, karkarwa ce za ta kama shi har ya tsufa. Maama ba ta wasa da zancen tsofaffi.

Amma akwai wata dokar, wadda ita ta kafa wa kanta. Shekarun baya ta taɓa kai kwamfutar nan gyara a ɗaya daga cikin manyan benayen Kampala, inda shagunan gyara suka yi cincirindo. Samarin wurin suka yi mata ruwan baƙaƙe, wannan ya ce RAM, wancan ya ce CPU, ta yi ta gyaɗa kai don kada a ce ba ta waye ba. Da ta dawo gida sai ta ga na'urar ta rage sauri, wata maƙwabciya ta ce ai an zare mata wani abu ne daga ciki. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. Daga ranar ta rantse ba mai sake buɗe mata kwamfuta a bayan idonta, kuma duk mai magana da baƙaƙe uku-uku, a wurinta ɓarawo ne da bai samu dama ba tukuna.

Sai ga shi 'yarta ta je ta kwaso ɗaya daga cikinsu.

Uban yarinya ya yarda, Ssenga ta yarda, dangin Kityo sun ɗinka dogayen riguna sun ajiye. Ranar da za a gabatar da shi ga dangi ce kawai ta rage, ita kuwa sai Maama ta furta. Duk sanda aka tayar da zancen sai ta ce a bari ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Nakiwala ta yi kuka a cikin matashinta har ta gaji. Shi ya sa da kwamfutar ta ƙi tashi yau, ga matan coci suna jiran katin bikin godiyarsu, sai zuciyarta ta ce mata abin nema ya samu. Ta kira Kityo ba ta ko yi shawara ba.

"To mu yi ta waya," in ji ta. "In kunna hoto, yana gani yana gaya min."

"In wayar ta juyo ya ga fuskata fa? Ko an ce miki karkarwa ba ta bin waya?"

Daga waje aka yi gyaran murya. "Nakiwala, ki gaya wa Maama ina gaishe ta da aiki. Ki ce in ta yarda, zan tsaya jikin bango kusa da taga, in juya baya. Ke ki zama hannuna. Ita kuma idonta yana kai."

Maama ta nemi aibin shawarar. Ba ta samu ba.

"Ki saki labule," ta ce.

Haka aka yi. Kityo ya jingina da bango yana fuskantar gonar ayaba, inuwar kafaɗarsa ta faɗo a jikin labulen. Ya ɗora sukudireba a kan tire ya turo ta ƙasan labule, da Nakiwala ta zo ɗauka sai yatsunsu suka gogi juna. Masu rubutu sun sha kwatanta so da teku da farin wata. Da sun taɓa karɓar sukudireba ta taga, uwa tana tsaye a bayansu, da sun san bai kai nan da nisa ba. Sai da ta ji abin har tafin ƙafarta.

"Ki fara zare wayar wuta daga bango," in ji Kityo. "Sannan ki taɓa ƙarfen taga, don wutar jikinki ta sauka."

"Wutar jikinta kuma?" in ji Maama. "Ki gaya masa ni ma na ga alamarta."

Nakiwala ta sunkuyar da kai ta kama kwance kusoshi, kunnuwanta suna zafi. Murfin ya buɗe. Ƙura ta yi dam a ciki kamar auduga, ga yanar gizo-gizo, ga gawar kyankyaso ya miƙe ƙafafu.

"Wannan ba daga shagona ya shiga ba," in ji Maama. "Ɗan Kampala ne."

"Yauwa, yanzu ki nemi RAM," in ji Kityo.

Nakiwala ta leƙa. Ita malamar 'yan yara ce, ta san waƙar baƙaƙe tun daga farko har ƙarshe, amma nan ba ta ga komai ba sai wani koren gari mai tituna da benaye. Ta kai hannu kan abin da ya fi girma. "Wani akwatin ƙarfe ne, wayoyi sun fito masa kamar gashin mahaukaciya?"

"A'a! Wannan PSU ne, ƙyale shi."

"Kin ji ko?" Maama ta tafa hannu. "An fara! Haka suka yi min. Ki gaya masa a gidan nan ba a cin bashin baƙi. Duk baƙaƙen da ya furta sai ya fassara su, in na gamsu sannan a taɓa."

Nakiwala ta waiwaya ta dubi labule. Ta san Kityo. In kunya ta kama shi baƙaƙen ne ke zubo masa, har ranar da ya fara cewa yana sonta sai da ya ratsa ta zancen batir. Ta ga inuwarsa ta goge goshi.

"Ki gaya wa Maama ta yi gaskiya," ya ce a hankali. "Ba wani asiri ba ne. Sunaye ne dogaye na Turanci, aka tsinci baƙin farko na kowace kalma don baki ya huta. PSU shi ke karɓar wuta daga bango ya rage mata ƙarfi, ya raba wa kowa daidai cikinsa. In ya ba wani fiye da ƙima, sai ya ƙone."

"To me ya hana ku ce mai rabon wuta?"

"Ki gaya wa Maama... wallahi ban taɓa tambaya ba."

Maama ta yi wani guntun tsaki, amma Nakiwala ta lura ta jawo kujera kusa, ta ɗauko tabarau.

"Wannan fankar fa?" in ji Nakiwala. "Me take fifitawa?"

"CPU yana ƙarƙashinta. Shi ke yin aikin duka, lissafi da tunani da ba da umarni. Ɗan ƙarami ne, bai kai akwatin ashana ba, amma saboda yawan aiki zafi yake ɗauka, dole a yi ta yi masa fifita."

"Ƙarami, shi ke aikin kowa, kansa yana zafi," in ji Maama. "Ni ke nan a gidan nan. Sai dai ni ba mai yi min fifita."

Dariya ta kuɓuce wa inuwar da ke jikin labule, ta yi maza ta mayar da ita tari.

Suka gano RAM a gefen fankar, wani siririn koren abu kamar mataji, a tsaye cikin raminsa. Kityo ya ce yana zaton ƙura ce ta shiga tsakaninsa da ramin, shi ya sa na'urar take kuka, a zaro shi a goge. Nakiwala ta kai hannu, sai Maama ta riƙe mata wuyan hannu gam.

"Tsaya. Aikina na shekara da shekaru yana cikin na'urar nan. Duk wanda aka aurar a Mukono, duk wanda aka binne, zanen katinsa yana nan. In an zare wannan abu suka zube fa?"

Muryarta ta sauya, ba faɗa a ciki. Nakiwala ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar uwarta ba sai yau, sai ta ji tausayi ya cika mata ƙirji.

"Ki gaya wa Maama ko ɗaya ba ya cikin RAM," in ji Kityo. "Shi abin da ake yi a yanzu-yanzu kawai yake riƙewa. Da an kashe wuta ya manta komai. Ajiyarta tana cikin HDD. Ki duba ƙasa, wani ƙarfe mai nauyi kamar ƙaramin littafi. Faifai ne a cikinsa yana juyawa, shi ba ya mantuwa. Ba za mu ko taɓa shi ba."

Maama ta duƙa ta dubi HDD ɗin, ta dubi RAM. Sannan ta waiwaya ta dubi teburin da take yankan kati, da kabad ɗin da ke bayansa.

"Wato wannan tebur ne, wancan kabad. Da yamma in share tebur, kabad yana nan a kulle."

"Ki gaya wa Maama ta fi malamina iya bayani."

"Ki gaya masa ban son daɗin baki. Zaro shi."

Akwai wasu 'yan maƙalai biyu a bakin ramin da sai an danna su. Nakiwala kuwa ta yi ƙarin farce saboda bikin ƙawarta, dogaye jajaye. Ta danna, farce ya zame. Ta sake, ɗaya ya ɓalle ya yi tsalle ya faɗa cikin fanka.

"Wayyo farcena!"

"Matsa can, 'yar gayu," in ji Maama. Ta naɗe hannun riga, ta je ta taɓa ƙarfen taga da kanta ba wanda ya tuna mata. Sai ta tsaya. Ba dama ta yi wa muko magana kai tsaye, 'yar aiken kuma tana can tana tsotsar yatsa. Ta dubi bango.

"Kai bango, tambayi wanda ya jingina da kai, waje ake danna su ko ciki?"

"Bango, ka gaya wa Maama waje, su biyun a tare."

Ƙas! RAM ya ɗago da kansa. Maama ta zaro shi ta ɗaga sama kamar ta kama kifi.

Daga nan Nakiwala ta rasa aikin yi. Bango ya ce a samo abin goge fensir a goge haƙoran zinaren da ke ƙasa, Maama ta goge. Bango ya ce a hure ramin, Maama ta hure ta yi atishawa, bango ya ce sannu. Matar da ke gasa ayaba a bakin titi ta leƙo ta katanga ta ga saurayi yana zuba wa gonar ayaba bayani.

"Muko! Horo aka ba ka, ko ayabar kake wa wa'azi?"

"Makaranta muke, ki rage murya!" Maama ta amsa daga ciki.

Nakiwala ta zauna a kan kwalin takardu, tana jin wani irin kishi mai daɗi. Saurayinta ne, uwarta ce, kuma sun manta da ita sarai.

Sai hannun Maama ya tsaya cak.

"Bango. Ramukan nan biyu ne. Ɗaya fanko." Ta cire tabarau. "Nan suka zare, ko?"

Nakiwala ta runtse ido tana roƙo a zuci: ka ce e, Kityo. Ka ce e, ka tsine musu, ka ce ɓarayi ne kai ba irinsu ba ne. Kalma ɗaya ce, Maama ta daɗe tana jiran wanda zai faɗa mata ita.

"Bango, ka gaya wa Maama ban sani ba."

Nakiwala ta ji kamar ta kurma ihu.

"Wasu haka suke zuwa daga kamfani, rami ɗaya fanko. Wasu kuma ana zarewa. Akwai masu yi a benenmu, ba zan ɓoye ba. Amma nata ban gani ba, ba zan ɗora wa mutum abin da ban gani ba. Abin da zan iya shi ne, in na'urar ta tashi in nuna mata inda za ta duba da idonta ta ga yawan RAM ɗinta. Ta duba kafin ta ba mai gyara, ta duba in ya dawo da ita. Ko ni ne mai gyaran."

Maama ta sake duban ramin da ke fanko. Ta juya RAM ɗin a hannunta, ta sake juyawa. Fuskarta ba ta nuna ko ta ji daɗi ko ta ji haushi ba, Nakiwala kuwa ta san wannan fuskar, ita ce ta a bari ruwa ya ɗauke.

Tire ya sake shigowa ta ƙasan labule, da sabon RAM a cikin leda. Kityo ya ce tsaraba ce, a cike ɗaya ramin, tebur ya ƙara faɗi. Maama ta ɗauka ba godiya, ta saita shi ta danna. Ya ƙi shiga.

"Bango, ka ce ta ɗan ƙara ƙarfi."

"Ba zan ƙara ba." Ta mayar da tabarau, ta jera sabon da tsohon a tafin hannunta. Mace ce da ta ƙare rayuwarta tana daidaita bakin takarda, ko kaurin gashi abu ya kauce sai ta gani. "Kowanne yana da 'yar tsaga a cikin haƙoransa. Tsagar nawa tana nan, ta naka ta matsa gefe. Ba ramin ba ne wannan."

Inuwar ta daskare. "Bango... a karanta min abin da ke jikin takardar tsohon."

"D, D, R, uku."

"Nawa fa?"

"D, D, R, huɗu."

"Kash!" Suka ji ya bugi goshinsa. "Ka gaya wa Maama ita ce da gaskiya, kada ta danna, zai karye. Gida ɗaya ne amma ba sa'o'in juna ba ne, na uku uba ne, na huɗu ɗa. Kowanne da raminsa. Ni na yi kuskure, ban tambaya da kyau ba. Nakiwala ce ta ce min kwamfutar sabuwa ce."

"Ni? Cewa na yi tana sheƙi!"

"Kullum sai na goge ta da man kwakwa," in ji Maama. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi ƙoƙarin dannewa, abin ya fi ƙarfinta, ta fashe da dariya har ta dafa tebur. "Injiniyan Kampala! Ya hau babur tun daga birni ya kawo wa tsohuwa takalmin jikarta! Ni Nabatanzi, ni na kama shi!"

"Bango, ka ce na amsa laifina," in ji Kityo, shi ma yana dariya. Nakiwala tana yi tana share hawaye, ba ta ma san na mene ne ba.

Maama ta mayar da tsohon RAM raminsa, ta saita tsagar, ta danna har maƙalan suka ce ƙas. Ta rufe murfi, ta mayar da wuta, ta latsa. Fanka ta juya. Kukan tsakon bai dawo ba, amma allon yana nan baƙi ƙirin.

Kafin bango ya buɗe baki ta ɗaga hannu, ta manta ba ya ganinta. "Kada a gaya min." Ta zagaya baya ta tsinci wata waya mai shuɗin kai tana lilo, wadda Nakiwala ta tuge garin buɗe murfi. "Wannan mai shuɗin kan, daga allo ta fito. Ita ke kai hoto?"

"Ita ce. VGA sunanta. Ta zamani kuma HDMI, ita har da murya take kaiwa."

"Tawa ba ta gulma, hoto kawai. Ta ishe ni."

Ta cusa ta, ta murɗa kusoshinta. Allon ya yi ƙyaf, ya kawo haske. Ta buɗe ajiyarta, sai ga katin matan coci da zanen damin ayaba a tsakiya, yadda ta bar shi jiya. Mai gasa ayaba ta rangaɗa guɗa daga katanga ba tare da ta san abin da aka ci ba.

Maama ba ta yi murna ba tukuna. Ta zauna ta ce bango ya cika alkawari. Kityo ya yi ta faɗa mata inda za ta latsa, tana bi da kanta, har ta iso wani shafi mai rubutu. Ta sa yatsa a jikin allo tana karantawa a hankali, CPU ga sunansa, RAM ga yawansa. Ta karanta ta sake karantawa. Baƙaƙen da suka sa ta gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa a Kampala, ga su yau a shagonta, kowanne ta san fuskarsa, ta san inda yake kwana.

Ta jima a zaune. Nakiwala ta durƙusa a gefenta. A jikin labule inuwar Kityo ta duƙa tana tattara kaya a jaka.

"Ina zai je?" in ji Maama. "Wa ya sallame shi? Muko ya zo gida ya tafi da yunwa, so kike a yi da ni a gari? Kai masa kujera gindin mangwaro. Ki kama zakaran nan mai jan wuya." Ta miƙo hannu. "Ɗauko min wayata tukuna. Kira min Ssenga, ki buɗe muryar."

Nakiwala ta latsa. Ssenga ta ɗauka, aka gaisa, aka tambayi ayaba da ruwan sama da ciwon gwiwa, Maama ba ta tsallake ko ɗaya ba, Nakiwala kuwa kamar ta mutu. Sai Maama ta miƙe, ta juya wa taga baya yadda ya kamata, ta ɗaga murya yadda har mai gasa ayaba za ta ji.

"Ssenga, ki aika wa mutanen Kityo. Asabar ɗin ƙarshe ta watan Nuwamba, su zo gidan nan a gabatar da ɗansu. Ko ana ruwa ko ba a yi, na sa rana!"